Ɗaurin Sarkawa

"Shekara huɗu, Malam. Shekara huɗu kana tuƙa shi a cikin ciyawa."

"Djamila, ki iya bakinki."

"Na iya shi har ya gaji. Ko ka kai abin nan ruwa kafin watan nan ya mutu, ko in kira mai kwasar tsofaffin ƙarafa. Lambarsa tana cikin wayata. Kuɓewa zan shuka a wurin."

"Kuɓewa! Jirgi za ki ɗauke ki sa kuɓewa?"

"Ita ko ba komai ana miya da ita."

Mama na tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Baba na kan tsani a jikin jirgin, da soso da bokiti. Ni ina zaune a kan dakali, dawowata daga aiki ke nan, ko takalmi ban cire ba. Faɗan nan na haddace shi tuni. Wa'adin ne kawai sabo.

Jirgin fari ne, ko in ce fari ne a da. Irin mai doguwar sanda a tsakiya, wanda ake ɗaga wa ƙyalle iska ta tura shi. Baba ya saye shi wurin wani tsohon bature da ciwon gwiwa ya hana hawa ruwa, aka jawo shi a kan tirela har bayan gidanmu a Pleasant Garden, nan Amurka, aka ajiye. Daga nan zuwa bakin teku tafiyar awa huɗu ce a mota. Tun da ya zo, ruwa biyu ya sani: na sama da na bokitin Baba. Rina ta yi gida a jikinsa. Kyanwar maƙwabta ta haihu a ɗakinsa sau biyu.

Babana, Malam Daouda, a kamfanin katifa yake aiki. Shekara goma sha shida yana cusa soso cikin riga. Turancinsa bai wuce kalma uku ba, kuma duk ukun na amincewa ne. Amma kada ka kuskura ka kira shi ma'aikacin katifa. Shi Basarke ne, jinin Sarkawa masunta, ɗan Sarkin Ruwa, haifaffen Gaya a bakin kogin Kwara. Ubansa ya taɓa jawo giwan ruwa da sai da ƙarti uku suka ɗauka. Ubansa kan dubi fuskar kogi ya ce maka ga inda yashi yake, ga inda dorina take kwance. Kullum ubansa. Shi kansa yana ɗan shekara goma sha tara ya bi motar albasa zuwa Kwatano, tun daga nan hannunsa bai sake riƙe filafili ba. Wannan ɓangaren ba ya cikin labarin da yake bayarwa. A bakin Mama na ji.

A masallacinmu na East Greensboro sunansa Sarkin Ruwan Ciyawa. Alhaji Imoro ne ya raɗa masa, wani ɗan zangon Kumasi mai ƙaton tumbi da motar a-kori-kura, sunan kuwa ya bi shi. Baba kan yi dariya tare da su. In mun shiga mota sai ya yi shiru har gida. Abin da ya fi ci masa rai ma ba na masallaci ba ne. Wansa da ya gaji sarautar a Gaya ya taɓa cewa a waya, "Daouda ai ya zama ɗan tudu." Shekara biyu da faɗin maganar, ba ta fita kunnensa ba.

Juma'ar da ta biyo baya, ana sa takalma a ƙofar masallaci, Baba ya ɗaga murya ya ce Asabar ta sama zai kai jirginsa teku.

"Ei, Sarki!" in ji Alhaji Imoro. "Wane teku? An buɗe sabo a Pleasant Garden ban ji ba?"

"Na Allah. Wanda ka sani."

"To ni zan ja tirela. Kuma zan ɗauka a waya, kowa ya gani da idonsa. Abin nan zai yi daɗi paa."

"Ka ɗauka," Baba ya ce. "Har Gaya nake so ya je."

Tsohon baturen ya bar taswira a cikin jirgin, ya ja layi da jan biro a kan hanyar da ya saba bi. Wata doguwar hanyar ruwa ce da aka haƙa da hannu, ta ratsa fadama ta faɗa kogi, kogin ya buɗe ya haɗu da ruwan gishiri. A kowane bakinta akwai abin da suke kira lok. Ɗaki ne na ruwa, bango biyu da ƙofa biyu. Jirgi ya shiga, a rufe, a cika ruwa ya ɗaga shi sama, ko a zuƙe ya sauko da shi, sannan a buɗe ƙofar gaba. Baba ya ce nan zai bi.

Ban yi niyyar zuwa ba. Mama ce ta tare ni a kicin.

"Rachid, ka bi shi. Ba ya jin abin da suke faɗa, kai ne kunnensa. Ni jirgin nake so ya tafi, ba mijin ba."

Sai na yi mako guda ina kallon bidiyo lokacin hutu a wurin aiki, a zaune kan kwalaye. Abu ɗaya kowa ke maimaitawa: a lok ba a ɗaure jirgi. Ka zagaya igiya a jikin turken bango, ka riƙe bakinta a hannu, ruwa na motsi kana saki ko kana ja.

Ranar tafiya, bayan asuba, Baba ya fito da igiyar. Ita ce gadonsa. Da kakana ya rasu, wansa ya ɗauki jirage da taru da sarauta, aka aiko wa Baba igiya guda a buhu. Ta rama ce, ta yi baƙi don tsufa, har yanzu tana warin kifi da kwalta. Shekara tara tana rataye a falonmu saman talabijin. Ya saɓa ta a kafaɗa kamar mai zuwa yaƙi.

"Baba," na ce, "a lok ɗin nan, sun ce ba a..."

"Su wa?"

"A bidiyo."

Alhaji Imoro na jingine da motarsa yana cin goro, ya kasa kunne. Baba ya dube shi, ya dube ni.

"Alhaji, ka ji ɗan zamani. Ruwan cikin waya zai koya wa Basarke. Kai da ko iyo ba ka iya ba? Kai da ka gama karatun lakwal da ƙyar, kwali kawai kake ɗauka a sito?" Ya matso. "Bon, saurara. Aikinka ɗaya ne. In bature ya yi magana na tambaye ka, ka faɗa mini. In ban tambaya ba, ka rufe bakinka. Ka ji?"

Alhaji Imoro ya yi dariya har ya ƙware da goro.

"Na ji," na ce. Kuma na ji ɗin.

Da hantsi muka saka jirgin a ruwa, muka tayar da sandar da ƙyar. Na zata zai nutse nan take. Bai nutse ba. Ƙaramin injin da ke bayansa ya yi tari sau shida ya tashi. Alhaji Imoro ya ce yunwa yake ji, zai nemi abin taɓawa, ya bi titi da tirela ya jira mu a lok na biyu.

Na farkon na hawa ne. Muka shiga tsakanin bango biyu masu gansakuka, mai kula da wurin ya miƙo sanda ya karɓi igiyoyinmu, ya zagaya a turke ya dawo mana da su. Ni na riƙe ta baya yadda na gani. Baba ya tsaya a goshin jirgi, ya yi bisimilla, ya ɗaure tasa tamau. Ɗaurin Sarkawa. Na sha jin labarinsa: zagaye uku, a soka, a murɗa, a sake sokawa. Duk yadda kogi ya ja, ƙara kamawa yake. A Gaya, wanda jirginsa ya kwance ya bi ruwa, har jikokinsa ana yi wa gori.

Ruwa ya taso. Jirgi na hawa, igiya na sakwarkwacewa. Ɗaurin bai amfana komai ba, bai ɓata komai ba. Da aka buɗe ƙofa Baba ya kwance abinsa ya waiwayo.

"Ka gani, malamin bidiyo? Ruwa ruwa ne, ko a Gaya ko a Amurka."

"Na gani."

Awa huɗu muka yi a hanyar. Ruwan baƙi kamar shayin da aka manta a kan wuta, a miƙe sambal, itatuwa sun kusa rufe sama. Kififfiya na shan rana a kan gungume. Baba ya riƙe sandar tuƙi yana waƙar masunta da rabinta ya ɓace masa, yana cike gurbin da murya a hanci. Sau ɗaya ya karkatar da jirgin ba zato, na kusa faɗawa. Na buɗe baki zan yi tsaki, sai ga wani ƙaton kututture ya wuce ta gefenmu, a nutse kaɗan ƙarƙashin ruwa. Ni ban ga komai ba kafin nan. Shi ya karanta a fuskar ruwan. Na ce a raina, ko makaho ma wata rana yakan taka kuɗi.

Tun daga nesa muka hango Alhaji Imoro a kan bangon lok na biyu, waya a sama.

"Sarki ya iso! Jama'ar Greensboro, jama'ar Gaya, ga shi nan da ransa!"

Wannan na sauka ne. Mun shigo ruwa cike, turakan bango daidai gwiwarmu. Akwai jirage biyu a gabanmu, na turawa masu farin wando. Mai kula da wurin mace ce, dattijuwa mai furfura da malafa. Ta tsaya a kanmu ta yi bayani dalla-dalla. Ta ce ruwan zai sauka fiye da tsayin mutum. Ta ce a zagaya igiya, a riƙe, a riƙa saki, kada a ɗaure. Ta sake faɗa. Baba na gyaɗa kai, idonsa na kan wayar Alhaji, ya ba ta kalmominsa uku duka. Ta dube ni. Ni ma na gyaɗa kai. Ta wuce can ɗaya ƙarshen.

Tana juya baya ya durƙusa a gaban turken.

"Alhaji, matso ka ɗauki wannan. Su gani a gida ko na manta."

A hankali ya yi shi wannan karon, saboda waya. Ina tsaye a baya, taku biyar tsakaninmu. Na san abin da zai faru kamar yunwar cikina. Kalma biyu ta isa. Na dubi ƙeyarsa, na dubi sabuwar hular da ya sa don bidiyo. Bai tambaye ni ba.

Da farko ba a ji komai ba. Bango ne kawai ya fara tsawo. Ina sakin tawa kaɗan-kaɗan. Sai igiyar rama ta miƙe, ta yi kuka irin na tsohuwar ƙofa. Bayan jirgin ya ci gaba da sauka, goshinsa ya tsaya inda yake.

"Kai!" Baba ya ce. Ya miƙe ya kama ɗaurin. Ɗaurin ya yi abin da aka san shi da shi.

Jirgin ya karkace. Kular da Mama ta cika mana da dambu da soyayyiyar kaza ta gangaro ta wuce ni ta faɗa ruwa, filas ɗin shayi ya bi ta. Masu farin wando suka hau ihu. Dattijuwar ta ruga ta tsayar da ruwan, amma ruwa ba mota ba ne, ba ya tsayawa da birki ɗaya. Baba na cusa yatsu cikin ɗaurin, farcensa ya tsage, jini a kan ramar. Yatsunsa biyu sun shiga tsakanin igiya da ƙarfe. Sai a lokacin na motsa.

Wuƙar albasa ta Mama na cikin jaka. Na saki tawa igiyar, na rarrafa gaba, na fizge hannunsa.

"Kada ka..."

Ba sai na yanka da yawa ba. Wuƙar na taɓa ta, ta tsinke da ƙara kamar bindiga. Jirgin ya faɗa da cikinsa, ruwa ya watsu har saman bango. Baba ya zauna daɓas. Sabuwar hular ta tashi ta sauka kusa da kazar.

Daga sama sai muryar Alhaji Imoro.

"Ei, Sarki! Ko layya ba a yi ba an rataye rago!"

Wayar na nan a sama. Duk dariyar da yake yi hannunsa bai girgiza ba.

Guntun igiyar na lilo a bango sama da kanmu, ɗaurin na nan daram. Dattijuwar ta tambaya ko wani ya ji ciwo. Ta gwada kwance shi ta kasa, ta zare shi ta saman turken gaba ɗaya ta jefo mana. Ta ce ba ta taɓa ganin ɗauri mai kyau irinsa ba, sai dai ba wurinsa ba ne. Baba bai tambayi abin da ta ce ba. Ban faɗa ba.

Mun kwana a bakin wani ƙaramin gari a kan kogi. Alhaji Imoro ya tafi otel, ya ce kada a tashe shi, ya riga ya samu abin da ya zo nema. Da safe Baba ya naɗe yatsunsa da tsumma, ya tayar da inji. Kogin ya yi ta faɗi har gaɓar can ta koma kamar zare. Ya ɗebi ruwan ya ɗanɗana, ya tofar, ya kashe inji. Muka ja ƙyallen sama, ni da shi, muka yi kuskure sau biyu. Sai iska ta cika shi.

Ba zan yi ƙarya ba, jirgin ya tafi. Ya kwanta gefe kaɗan, ruwa na tsagewa a goshinsa, babu ƙarar komai sai ta ruwan. Baba na duban inda iska ke yamutsa fuskar ruwa can gaba, yana juya sanda tun kafin ta iso mu. Bai yi waƙa ba. Awa guda muka yi haka, ko fiye. Babu Alhaji, babu kowa. Wayata na cikin aljihu, cike da caji. Sau ɗaya ya dubi aljihun. Bai tambaya ba.

Bidiyon lok ya riga mu isa gida. Ya riga mu isa Gaya. Tun daga hanya wayar Baba ke kuka har ya kashe ta. Sunan ciyawa ya mutu, an samu sabo: Sarkin Rataya. Wansa ya turo saƙon murya, babu kalma ko ɗaya a ciki, dariya ce da tari.

Da la'asar muka mayar da jirgin gurbinsa, a kan ciyawar da ta mutu da siffarsa. Mama ta fito. Ba ta yi maganar kuɓewa ba. Ya kai shi ruwa, sharaɗi ya cika. Baba ne ya zauna a kan dakali da guntun igiyar a cinya.

"Djamila, ba ni lambar mai ƙarafan nan naki."

"Bari tukuna."

Ta zauna kusa da shi ta fito da wayarta. Mama a gidan kula da tsofaffi take aiki, Turanci ba ya wuce ta. Ta kunna bidiyon, ba wurin da kowa ke dariya ba, can farko. Muryar dattijuwar ta fito tar.

"Malam, ka san abin da matar nan ta ce?"

"Gaisuwa ce da dokokinsu."

"Ta ce kada a ɗaure. Sau biyu ta faɗa."

Ta tsayar da hoton, ta buɗa shi da yatsa biyu. Ga Baba a durƙushe yana zagaye na uku. Ga ni a baya, igiya a hannu, ina kallonsa. Ban san haka fuskata take ba.

Baba ya daɗe yana duban wayar.

"Ka ji ta?"

"Na ji."

"Ka gane?"

"Na gane."

"To?"

"Ba ka tambaye ni ba."

Mama ta ja numfashi, ta tashi, ta tsaya a ƙofar kicin ba ta shiga ba. Na jira mari. Da ya fi mini sauƙi. Baba ya juya ɗaurin a hannunsa, ya sa yatsun da suka rage lafiya ya soma kwance shi. Da yake babu abin da ke jan sa, ya warware ba gardama. Ya miƙar da guntun a kan gwiwarsa. Bai kai kamu biyu ba.

"Rachid," ya ce, bai ɗago ba. "Da a ce wuyana ta kama, ba jirgin ba, sai ka jira na tambaye ka?"